ZAUREN MATA: Malama Tana Son Ajiye Alli Ta Ɗauki Tef ɗin Awo

 

Wasiƙar da na zaɓa a wannan watan ta fito ne daga Zariya, daga wata baiwar Allah da ta roƙe ni in sakaya sunanta, don haka Malama kawai zan riƙa ce mata. Shekarunta 31, 'ya'yanta uku, tana da takardar NCE, kuma shekararta takwas tana koyarwa a firamare. Ta ce tunda mahaifinsu ya rasu aka zo rabon gado hankalinta bai sake kwanciya ba. Gida ɗaya ya bari. Aka kira dillalai biyu da wani tsohon magini suka zagaya, suka ɗaga kai suka kalli rufi, suka koma zaure suka yi ƙus-ƙus, suka fito suka yanke kuɗi. Babban wansu ya ce shi zai saya don kada gidan ubansu ya fita hannun bare, kowa ya sa masa albarka, aka ba mata 'yan kuɗinsu. Shekara ba ta zagayo ba wani ya zo ya taya gidan da ninkin abin da aka yanke. Daga baya sai ta ga yadda aka yi a gidan wata ƙawarta, inda aka ɗauko wani ma'aikaci da tef da fayil, ya yini yana awo, bayan mako guda ya kawo rahoto mai hatimi, babu wanda ya iya cewa uffan. Tun daga ranar ta ji duk duniya babu aikin da take so irin wannan. Tana son ta ajiye koyarwa ta koma makaranta. Maigidanta kuwa ya ce sam, shi ba zai zauna ana ce wa matarsa dillaliya ba. Shi ne take neman shawara.

To Malama, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ke yayata ce a shekaru da ilimi, amma tunda kin tambaya zan faɗa miki abin da na tattaro, mai daɗin da marar daɗin.

Mu fara da maganar maigida, don ita ce ta fi sauƙin warwarewa. Ni ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya ji kalmar dillaliya, abin da zai faɗo masa a rai shi ne mace da ƙullin atamfa da kwanuka a ka, ta shiga wannan gida ta fita wancan, ta kai kaya ta kuma kai labari. Dillalin gidaje kuma shi ne na bakin titi a kan benci, wanda idan ka tambaye shi fili ɗaya sai mutum biyar su bi ka, kowa yana jiran la'ada. Ba raina sana'ar kowa nake yi ba, akwai dillalai masu tsoron Allah da suka rufa wa mutane da yawa asiri. Sai dai aikin da kike magana a kai daban ne. Dillali cinikin yake so ya faɗa, don sai an sayar yake samun nasa, kuma gwargwadon tsadar gida gwargwadon la'adarsa. Mai yi wa gida ƙima, wanda 'yan boko suke kira baluwa, ko an sayar ko ba a sayar ba za a biya shi ladan aikinsa, don abin da aka ɗauke shi ya yi shi ne ya faɗi nawa gidan nan ya kai a rana kaza, ya kawo hujja, ya sa hannu. In ta kama a kira shi gaban alƙali ya kare abin da ya rubuta, dole ya je. Kin ga ashe ya fi kusa da mai ba da shaida a kan ɗan kasuwa.

Kuma kada a haɗa shi da safiyo, wanda yake auna iyakar fili ya kafa duwatsu ya zana taswira. Kada kuma a haɗa shi da mai lissafin kayan gini, wanda zai faɗa maka buhun siminti nawa da rodi nawa ginin da ba a fara ba zai ci. Su ukun sukan haɗu a wuri ɗaya, amma kowa da karatunsa da hukumarsa.

Masu wannan sana'a a Nijeriya suna da ƙungiya mai suna NIESV da aka kafa a 1969, sannan akwai hukumar gwamnati mai yi musu rajista, ESVARBON, wadda doka mai lamba 24 ta 1975 ta kafa. Wanda bai da rajista da wannan hukumar ba shi da ikon kiran kansa da sunan sana'ar, balle ya buga hatimi a rahoto, in ya yi doka za ta hau kansa. Ki karanta wa maigida wannan wurin da kyau, cikin ladabi, bayan ya ci ya ƙoshi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, Malama. Wancan mutumin da kika gani da tef da fayil ya ba ki sha'awa, ba a wata shida ya zama haka ba. Kwas ɗin da ake yi shi ne na kula da gidaje da filaye, a takardar JAMB za ki gan shi da sunan Estate Management. A jami'a shekara biyar ne. In kuma ta kwalejin kimiyya da fasaha za ki bi, shekara biyu ce ta ƙaramar difloma, shekara ɗaya ta koyon aiki, sannan shekara biyu ta babbar difloma, kin ga nan ma biyar ɗin ce. Ana yin sa a nan kusa da ke a Kaduna Polytechnic, ana yi a Jami'ar Bayero ta Kano, da jami'ar fasaha ta Minna, da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Ana neman kiredit biyar ciki har da Turanci da Lissafi, kuma mafi yawan makarantu suna son a zo da darasin tattalin arziki. Don haka tun kafin komai ki buɗe akwati ki ɗauko takardar sakandarenki ki duba, kada ki gama rigima da miji sannan ki tarar Lissafin ma babu.

Bayan an gama makaranta tsugune ba ta ƙare ba. Sai kin zauna ƙarƙashin wanda ya riga ya sami rajista kin yi aƙalla shekara biyu kina koyon aiki, kina rubuta abin da kika yi, sannan ki fuskanci gwajin ƙungiya, sannan ki je gaban hukuma ta ba ki hatimi. Masu babbar difloma ma akwai ƙarin jarrabawar ƙungiya da suke zaunawa. Mu yi lissafi irin na 'yan aji uku da kike koyarwa: biyar a tara da biyu bakwai. Shekararki 31, kin ga sai kina 38 ke nan, wannan ma in komai ya tafi sumul, babu haihuwa, babu jinya, babu faɗuwa jarrabawa, babu yajin aiki. A 2022 kaɗai malaman jami'a sun yi wata takwas a gida, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Abu ɗaya da zai zo miki da sauƙi shi ne hidimar ƙasa, tunda wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama takardar yafewa ake ba shi.

Shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce. Yaron da yake goye a bayanki yau zai shiga aji biyu ko uku. Wa zai riƙe miki su ranar da kike da lacca ƙarfe takwas na safe a wani gari? Kuɗin makaranta da na mota da na takardu daga aljihun wa za su fito, alhali albashin da kike ɗan tallafa wa gida da shi kin ajiye shi? Na san albashin malamin firamare ba ya kai wa ko'ina, ko bayan da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a 2024, kuɗin ba sa ganin tsakiyar wata. Amma ko babu komai kin san ranar da zai shigo, ga fansho a gaba. Ita kuwa wannan sana'a, in ba a ma'aikatar ƙasa ko banki ko wata hukuma kika sami gurbi ba, samunta kamar ruwan damina ne, wani watan a yi ambaliya, wani watan ko yayyafi babu. Shi ya sa za ki ga ofisoshin masu ƙima suna haɗawa da kula da gidajen haya, su karɓar wa mai gida kuɗi, su gyara abin da ya lalace, su nemo ɗan haya, don a nan ake samun na cefanen yau da gobe. Saboda haka maganar ki rubuta takardar barin aiki a wannan shekarar, ni ban goyi baya ba ko kaɗan. Sakin reshe ne kama ganye. Ki fara neman izinin tafiya ƙaro ilimi daga wurin aikinki, ko ki bincika makarantar da take da tsarin karatun ƙarshen mako, albashinki yana tafiya karatu yana tafiya.

Kada ki ce na kashe miki gwiwa. Da na ga abin ba shi da amfani da layi biyu zan ba ki amsa in wuce wasiƙa ta gaba. Abin da ya sa na ba shi fili guda shi ne, ciwon da ya taso ki ciwon mata da yawa ne, sai dai kunya da kawaici sun hana a faɗa.

Bari in buga misali da lambobi don masu karatu su ga yadda ake yanka mace ba tare da wuƙa ba. A ce mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, babu bashi babu wasiyya, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku, da gida ɗaya wanda a gaskiya ya kai naira miliyan 16. Matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, miliyan 2. Saura miliyan 14 a kasa bakwai, kowace 'ya mace miliyan 2, kowane namiji miliyan 4. To sai a ce an kira masu kallon rufi sun yanke miliyan 8. Uwar gida ta koma miliyan 1, kowace 'ya miliyan 1, kowane namiji miliyan 2. Babban wa ya ce zai saya. Maimakon ya fitar da miliyan 12 ya sallami sauran, miliyan 6 kawai zai fitar, ya mallake gidan miliyan 16. Malamin da ya yi rabon bai yi kuskure ba ko na ƙwayar zarra, lissafinsa daidai yake da yadda shari'a ta tsara. Tun a wurin yanke kuɗin aka gama cin amanar, kafin a zo gaban malam. Mu kuma mata muna ɗaki muna kuka muna karɓar gaisuwa, in aka miƙo mana ƙullin kuɗi sai mu ce Allah ya saka da alheri Yaya. Wadda ta buɗe baki ta ce a sake dubawa, a ce ba ta da kunya, kabarin ubanta bai bushe ba tana maganar dukiya.

Ba kullum ne mugunta take jawo haka ba, wani lokacin rashin sani ne tsagwaronsa. Mutanenmu sun dogara da cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan kwanon gero na yarda. A kan gida kuwa, idon da ya saba da farashin bara zai iya jefa marayu a rami yana ganin ya yi adalci. Ku dubi abin da ya faru bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10. Ginin da aka yi da wani kuɗi shekara uku da suka wuce, yau ninkinsa ma ba lalle ya tayar da irinsa ba. Shi ya sa kowane rahoton ƙima yake ɗauke da kwanan wata, don kuɗin da aka rubuta na wannan ranar ne, ba na har abada ba.

To yaya su suke yi da ya bambanta da na masu kallon rufi? Hanyar da aka fi bi a gidajen zama ita ce kwatance. Za a nemo gidaje uku ko huɗu masu kama da wannan da aka sayar kwanan nan a unguwar, a binciko nawa aka biya a zahiri, ba nawa aka yi talla ba, sannan a riƙa ƙarawa ana ragewa: wancan yana bakin kwalta wannan yana lungu, wancan yana da rijiyar burtsatse wannan sai an sayi ruwan garuwa, wancan filinsa ƙafa 50 ne da 100 wannan rabinsa ne. Wahalar a ƙasarmu ita ce babu mai son faɗin gaskiyar abin da ya saya ko ya sayar, mai saye yana tsoron 'yan uwa su san yana da kuɗi, mai sayarwa yana tsoron masu zuwa rance. A nan ne dole mai ƙima ya yi abota da dillalan nan da maigidanki yake gudu, da masu unguwanni, da lauyoyi, don a bakinsu labarin yake.

In kuma gini ne da ake samun haya da shi, kamar jerin shaguna, sai a bi ta kan abin da yake kawowa a shekara, a cire na gyara da na haraji da watannin da shago yake zama babu kowa, sannan a lissafa nawa mai hankali zai yarda ya zuba don ya riƙa samun wannan kuɗin. Akwai kuma gine-ginen da ba a kai su kasuwa balle a sami abin kwatance, irin makaranta ko asibiti. Su sai a lissafa nawa za a kashe a gina irinsu yau, a rage tsufa da lalacewa, a ƙara kuɗin filin. Kin ga inda Lissafin da na ce ki duba yake shigowa.

Sai maganar takardu, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro da na fahimce ta. Tun da aka yi dokar amfani da ƙasa a 1978, duk ƙasar da take cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, wanda a takardar mallaka ta gwamnati galibi shekara 99 ake rubutawa. Sayar da irin wannan fili ko jinginar da shi a banki sai da amincewar gwamna. Don haka gida biyu za su iya zama jikin juna, gini iri ɗaya, fenti iri ɗaya, amma ɗaya awon gwamnati ne da takardarsa, ɗaya awon igiya ne da 'yar takardar mai unguwa da shaidu uku, kuɗinsu ba zai taɓa zama ɗaya ba. Mai ƙima na gaskiya ba ya tsayawa kan takardar da aka miƙo masa, sai ya taka ya je ofishin filaye, irin su KADGIS a Kaduna ko KANGIS a Kano ko AGIS a Abuja, ya tabbatar sunan wa ke jiki, kuma ba a riga an jinginar da gidan a wani wuri ba. Mata nawa ne suka sayar da sarƙa da 'yan kunne da gadon aure suka sayi fili, daga baya aka ce musu hanya ce ko filin makaranta? Allah ya kyauta.

Wannan dokar ce kuma ta buɗe wata babbar ƙofar aiki, wato diyya. In gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, abin da doka ta ce a biya shi ne abin da mutum ya kafa a kai, gini da shuka da itatuwa, ba ita ƙasar kanta ba. Da aka ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano a 2020, da na titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, gonaki da gidajen talakawa ne a kan hanya. A irin wannan aiki sai an bi gona-gona ana ƙirga mangwaro da ɗorawa da kuka da giginya, ana auna ɗaki da rumbu da rijiya. Bishiyar da aka manta ba a rubuta ba, ta tafi ke nan. Manomin da ya sami mai ƙima tsayayye a bayansa da wanda bai samu ba, ba za su koma gida da abu ɗaya ba.

Abin da ya sa nake ganin mace tana da wurin zama a wannan sana'a ba wai don a ce mu ma mun iya ba ne. Gidajenmu ne suka jawo. Gida nawa ne a Zariya da Kano da Katsina aka rubuta ba a shiga a ƙofarsa? In namiji ya zo awo sai an yi shela, mata su tattaru a ɗaki ɗaya, ya leƙa tsakar gida a gurguje kansa a sunkuye ya fita. Ɗakin mai takaba kuwa wa zai shiga? Alhali a can ciki gaskiyar gida take. Can ne za a ga bangon da ya tsage aka rufe da labule, da silin da ruwa ya zana wa taswira aka jingina sif a ƙasansa, da layin da ambaliyar bara ta bari a jikin bangon madafa. Haka kuma can ne za a ga tayil da ɗakin wanka da matar gidan ta yi da kuɗin adashenta, wanda in ba a rubuta ba sai a haɗa a raba da ita a matsayin gado. Mace za ta shiga har ƙuryar ɗaki ta zauna a bakin gado, kuma 'yar uwarta mace za ta faɗa mata abin da ba za ta taɓa faɗa wa ƙato ba ko da alƙali ne ya aiko shi.

Sai dai ki sani, inda amfanin yake nan jarrabawar take. Wanda zai karɓi bashi a banki yana son a kumbura kuɗin gidansa don a ba shi da yawa, shi ya sa ma bankuna suke neman lamba biyu a rahoto, kuɗin gida a kasuwa da kuɗinsa in an sayar da shi cikin gaggawa. Wanda zai sayi gidan gado yana son a tauye. Kowannensu zai zo miki da fara'a, wani da ambulan, wani da turmin leshi, wani kuma ba zai kawo komai ba sai dai ya biyo ta wurin surukarki ko aminin maigida, wanda wannan ya fi ambulan nauyi. Ranar da ɗan uwan mijinki ya zo ya ce Malama ki ɗan taimaka ki rage, 'yan uwana mata ba su san komai ba, me za ki ce masa? Ki tanadi amsar tun yanzu. In kin san idonki ba zai iya kallon babba ya ce masa a'a ba, to wallahi zamanki a aji ya fi miki alheri duniya da lahira, don tauye mudun gida ya fi na hatsi ɓarna, ga shi kuma hukuma tana iya ƙwace hatimin wanda aka kama.

Akwai kuma wahalar jiki da ba a gani a fayil. Aikin rana ne, aikin ƙura ne. Za ki shiga kango mai ciyawa har gwiwa, ki hau benen da ba a sa masa abin dafawa ba, ki haɗu da ɗan hayar da ya ɗauka korarsa aka zo yi ya sake miki baki ko ya sake miki kare. Wata rana ƙauye za a tura ki, ku fita da asuba ku dawo bayan magariba, kuma mafi yawan abokan aikin maza ne. In maigida ya ce wannan ne damuwarsa, kada ki ce masa ƙauyanci ne, ku zauna ku tsara. Ba a zuwa awo mutum ɗaya dama, dole sai da mai riƙe bakin tef, to me zai hana mai riƙe miki ya zama ƙaninki ko ɗan yayarki? Ga shi ya sami sana'a, ga hankalin kowa ya kwanta. Kuma kada ki kuskura ki kai ƙararsa wurin iyayenki tun yanzu, ko ki riƙa yi masa gori da mijin wance da ya bar matarsa ta yi digiri. Namiji in ya ce a'a a gaban mutane, ko ya gane gaskiya daga baya girman kai ba zai bar shi ya janye ba. Ki bar a'ar tasa ta tsaya tsakaninku ku biyu a ɗaki, a nan take da sauƙin narkewa.

Ga sauran 'yan uwa da ba su da niyyar komawa makaranta, ku riƙe wannan: duk wadda take cikin magada tana da bakin cewa ba ta gamsu da kuɗin da aka yanke ba, a kira mai ƙima mai rajista, ko a gida ake rabon ko a kotu. Ku nemi ganin hatiminsa da lambar rajistarsa a jikin rahoton. Abin da za a biya shi bai kai ƙurar abin da ake asara ba. In kunya ta hana ki faɗa da bakinki, ki sa mijinki ko kawunki ya faɗa, kuma a faɗa kafin a sa hannu, don bayan an sa hannu an yi fatiha, warwarewa sai an sha wuya, wani lokacin ma sai zumunci ya tsinke.

Ke kuma Malama, ga abin da nake so ki yi kafin ki sayi fom ko da na naira ɗaya. Dogon hutun makaranta yana zuwa. Ki nemi izinin maigida na mako huɗu kacal, ki ce masa gani za ki yi ba shiga ba. Ki sami ofishin masu wannan aiki a Zariya ko Kaduna, wanda mai shi yake da rajista, in da hali wanda akwai mace a ciki, ki roƙa a bar ki ki riƙa bin su kyauta. Ki riƙe musu tef, ki rubuta musu awo, ki zauna ki ga yadda ake kwana uku a kan rahoto ɗaya ana neman kuɗin da aka sayar da gidan maƙwabta. Ki tambayi ƙananan ma'aikatan nawa ake ba su a wata, ba mai ofishin ba. Lokacin damina ne, don haka ki tafi da takalmi marar tsini da lema da hijabin da ba kya jin ciwon ya ɓaci. In mako huɗun ya cika ki sake rubuto mini, ki faɗa mini ranar da ta fi ba ki wuya da abin da maigida ya ce da ya gan ki kin dawo da taɓo har idon sawu, zan buga a wannan fili.

Wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba wasiƙar wata amarya daga Gusau da uwar mijinta ta karɓe mata mukullin sito. Wassalam.